Kafin Mu Sayar Da Tangaran Ɗin Kakanninmu, Mu Juya Gindinsa Mu Duba

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan karo wani kira ne da wata baiwar Allah ta yi mani daga wani ƙauye na yankin Gazawa, ana saura minti kaɗan in rufe shirina na rediyo. Ta ce wasu mutane biyu sun shigo garinsu bisa babur suna bi gida-gida suna tambayar tsofaffin farantai da kwanonin tangaran, irin waɗanda tsofaffi ke ɓoyewa a ƙarƙashin gado ko cikin adaka, wanda ya fito da guda a ba shi sabuwar kula ko bahon roba, wanda ya nace sai kuɗi a miƙa masa jika ɗaya ko biyu. Ta ce ita tana da guda huɗu da ta gada wurin uwarta, kuma ga yara ba su da takalman lakwal. Tambayarta ita ce: "Malam, in bayar ko in riƙe?" Na yi ƴan kame-kame irin na ma'aikacin rediyo da lokaci ya ƙure masa, na sa kiɗan rufewa, na tashi da kunya.

Kunyar ta ƙaru da na je gida Agiye a ƙarshen mako na ba gwaggona labari. Sai ta yi dariya ta ce, "Ai ɗan nan ka makara, mu nan tun bara suka zo." Ashe daga cikin kwanoni uku na kakarmu, Allah ya jiƙanta, biyu sun riga sun tafi, an musanya su da kula mai murfi ja wadda a yanzu haka hannunta guda ya karye. Na ukun ya tsira ne kawai saboda yana da tsaga a baki, masu sayen suka ce ba su so. Na karɓe shi na juya gindinsa, abin da ban taɓa yi ba duk da cewa a gabansa na girma, sai ga hoton zaki a tsaye bisa ƙafafun baya, kewaye da rubutun boko: Société Céramique Maestricht, a ƙasa kuma Made in Holland.

Tun daga ranar na shiga bincike, kuma abin da na samo shi ne nake son mu tattauna, domin ra'ayina shi ne ana cutar mu ta fuska biyu, kuma duka biyun rashin sani ne ya buɗe masu ƙofa.

Mastirik wani gari ne a kudancin ƙasar Holan. A can wani attajiri mai suna Petrus Regout ya buɗe masana'antar kwanonin yumɓu a shekarar 1836, wadda daga 1899 aka riƙa kira Sphinx. Kishiyarta kuwa ita ce Société Céramique, wadda ta samu wannan suna a 1863, kuma ita ce mai tambarin zakin da ke gindin kwanon kakata. Sun yi ta gasa da juna har 1958 da suka haɗe suka zama kamfani guda. Waɗannan masana'antu ba don teburin sarakunan Turai suke aiki ba. Kaya suke yi masu yawa kuma masu arha, suna cika jiragen ruwa zuwa Indonesiya da Indiya da ƙasashen Larabawa da gaɓar Afirka, kuma sun san abin da kowace kasuwa take so, har akwai farantan da suka yi wa zanen jinjirin wata da tauraro musamman don Musulmi. Wani abin da ya sosa mani rai shi ne, binciken da majalisar dokokin Holan ta yi a 1887 ya tona irin wahalar da ma'aikatan Regout suke sha, har da ƙananan yara masu aikin dare a bakin wuta. Ashe kwanon da kakata take ji da shi kamar ƙwai, wataƙila ɗan talaka ne irinmu ya ɗauko shi daga murhu.

Yadda irin wannan kaya ya iso ƙasar Katsina da Gobir ba boyayye ba ne. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga nan kayan kanti suka riƙa hawowa arewa bisa jakuna da raƙuma, daga baya bisa manyan motoci. Sannan ga zamanin gyaɗa, lokacin da kamfanoni irin su CFAO da SCOA suke da kantuna a Maradi, manomi ya kai gyaɗa ya dawo da atamfa da fitila da kwano. Ga kuma alhazai, waɗanda tsarabarsu ba ta rasa finjali da faranti. A shekarun 1930 kayan Japan masu arha sun cika kasuwannin Afirka ta Yamma, har sai da Ingila ta ƙayyade shigowar yadin Japan cikin Najeriya a 1934. Duk wanda ya san yadda iyakarmu da Najeriya take, ya san abin da ya sauka Kano ko Katsina bai daɗewa bai iso Caduwa da Agiye da Tasawa ba.

To me iyayenmu mata suka yi da waɗannan kaya? Nan ne maganar take da daɗi. Ba su ɗauke su abin cin tuwo ba, akushi da ƙwarya na nan don wannan. Jere suka yi da su. Kafin zuwan kwano, jeren amarya na ƙorai ne masu zane da faifai da tasoshin tagulla ga mai hali. Da tangaran ya zo sai ya hau saman jere, daga baya kwanonin sha da langa da fanteka masu fenti suka mamaye ɗaki tun daga ƙasa har kusa da rufi, sannan aka koma kabad mai gilashi, yau kuma ga mu a zamanin kuloli da kayan roba. Mace takan san kowane kwano na ɗakinta da sunan wanda ya kawo shi: wannan gudunmawar inna ce, wancan na ƙawa ne, wancan kuma da kuɗin ƙuli-ƙuli aka saye shi. Jere shi ne bankin mace tun kafin a san asusu. In ɗiya ta tashi aure a ɗebo a ba ta, in yunwa ta shigo a ɗebo a kai kasuwa. Tsofaffin da suka ga farin 1973 da 1974, da kuma na 1984, za su gaya maka cewa ɗakuna da yawa a lokacin ne suka koma fayau. Saboda haka kwanon da ya kai yau bai fita daga gida ba, ya tsallake yunwa biyu ko uku, ya tsallake rabon gado da tashin gida da ƙiriniyar jikoki. Magina ma ba a bar su a baya ba, domin a tsofaffin soraye na Kano da Zariya akan ga faranti a manne a tsakiyar daurin guga, can inda bakunan suka haɗu.

Na san abin da wasu za su ce, domin wani abokin aikina ya riga ya faɗa mani a fuska. Ya ce wannan ai kayan Nasara ne, su suka kashe kasuwar masu gyartai da maginan tukwane, don me za mu yi kukan tafiyarsu? In ana maganar kayan gado a yi maganar tulunan Mirya da akushi da ƙwarya. Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, kuma ni ma da za a ce in zaɓi guda, tulun da hannun Bahaushiya ya gina zan fara ɗauka. Amma na tambaye shi, atamfar Holan da uwarsa take ajiya a ƙasan akwati, wadda kamfanin Vlisco na garin Helmond yake bugawa, in wani ya zo ya ce a ba shi ita a bakin yadin leda, zai yarda? Ya yi shiru. Abin da ya shekara tamanin ko ɗari a ɗakin Bahaushiya, aka yi masa guɗa ranar jere, aka raba shi a gado gaban malamai, ya zama namu ko da a wata duniya aka gasa shi.

Yanzu bari in zo kan cuta ta farko, wato a raina wa mutum kayansa. Masu yawo bisa babur ba don son tsohon kwano suke shan ƙura ba. Akwai masu tara irin waɗannan kaya a Turai da Amurka da Asiya, kuma kayan Mastirik suna cikin abin da ake nema. Mai babur yana da wanda yake kai wa a birni, shi ma na birni yana da nasa. Kowane mataki kuɗin na ƙaruwa, kuma wadda ta fi kowa samun kaɗan ita ce mai kayan. Ban ce ciniki haramun ba ne, amma cinikin da mai saye ya san abin da yake saye, mai sayarwa kuwa ba ta san abin da take sayarwa ba, kowa ya san inda riba za ta faɗa.

Cuta ta biyu ita ce kishiyar wannan, kuma na fi jin tsoronta. Da zarar labari ya bazu cewa ana neman tsohon tangaran, sai ka ji an fara cewa wai akwai farantin da ake saye miliyan goma, wai akwai wanda in an zuba guba a ciki yake canza launi, wai akwai mai wani sinadari a gindi. Mun ga irin wannan a kan tsohuwar keken ɗinki da dutsen guga mai zakara, inda aka yi ta raɗe-raɗin wani jan sinadari da babu wanda ya taɓa ganinsa, mutane suka sayar da awaki suka sayi tsohon ƙarfe suna jiran mai saye daga waje wanda har yau bai iso ba. Gara in faɗi gaskiya ko ba ta yi daɗi ba: mafi yawan tangaran ɗin da ke ɗakunanmu kayan masana'anta ne da aka yi dubbai a rana guda. Suna da daraja, sun fi ƙarfin bahon roba nesa ba kusa ba, amma ba su gina gidan siminti. Tangaran ɗin Japan mai tsadar gaske shi ne na garin Arita, inda aka fara yin sa a farkon ƙarni na 17, wanda ake kira Imari da sunan tashar jirgin ruwan da ake loda shi, mai shuɗi da ja da ruwan zinariya. Ƴan kasuwar Holan ne suka riƙa kai shi Turai, domin daga 1641 su kaɗai ne Turawan da Japan ta bari suna ciniki, a wani ɗan tsibiri mai suna Dejima a Nagasaki. Irin wannan gidajen sarakunan Turai ya nufa. Duk wanda ya zo ya ce maka farantin gwaggonka na wancan zamani ne, kuma sai ka biya kuɗin gwaji kafin a haɗa ka da mai saye, to riƙe aljihunka.

Maganin duka biyun guda ne, mutum ya iya duba kayansa da kansa, kuma abin bai kai wahalar da ake zato ba.

Da farko a rarrabe kwano da tangaran, domin mu Hausawa mukan haɗa su a baki. Kwanon fenti ƙarfe ne aka lulluɓe, in ya faɗi sai ya ɓantare ya nuna baƙi ya yi tsatsa, kuma mayen ƙarfe yana kama shi. Tangaran kuwa ƙasa ce aka gasa, kuma shi ma iri biyu ne. Akwai na ainihi, wanda ake yi da farar ƙasa a gasa a wuta mai zafin da ya kai wajen digiri 1300. Shi wannan in ka ɗaga shi saitin rana ko ka haska masa tocila ta baya za ka ga inuwar yatsunka, in ka ƙwanƙwasa shi da farce sai ya yi ƙara siririya mai tsawo. Yawancin na Japan haka suke. Akwai kuma na yumɓu mai ruwan gilashi a sama, wanda ya fi kauri, haske bai ratsa shi, ƙararsa gajera ce, kuma in ya tsufa sai ka ga wasu siraran layuka kamar saƙar gizo-gizo a fuskarsa. Kayan Mastirik galibi irin wannan ne, kuma wannan saƙar ba aibi ba ce, alamar shekaru ce.

Sai a juya gindi. Zaki a tsaye na Société Céramique ne. Dabba a kwance mai jikin zaki da kan mutum, irin gunkin nan na Masar, da sunan Petrus Regout a ƙarƙashinta, ta ɗaya masana'antar ce. Rubuta sunan ƙasa a gindin kaya ya yaɗu ne bayan wata dokar kwastan ta Amurka ta 1890, saboda haka wanda aka rubuta wa Made in Holland da wuya ya girmi wannan lokaci. A kayan Japan, kalmar Nippon tana nuna tsakanin 1891 da 1921, daga nan aka koma rubuta Japan. In kuwa ka ga Made in Occupied Japan, to an yi shi ne bayan yaƙin duniya na biyu, lokacin da sojojin Amurka suke riƙe da ƙasar, har zuwa 1952. Sai dai a kula, waɗannan ƙa'idoji don kasuwar Amurka aka yi su, kayan da aka nufo wasu ƙasashe da su sukan zo ba tambari ko kaɗan, don haka rashin tambari bai nuna kaya sabo ne. Haka kuma tambari kaɗai bai isa shaida ba, tun da har na Nippon an yi na jabu.

Abin da ya fi tambari gaskiya shi ne aikin da ke jikin kayan. Furannin da ke kwanon kakata da soso aka buga su, wato a yanka soso da siffar fure a tsoma a launi a riƙa dangwalawa, ganyen kuma a ja shi da buroshi. In ka ƙura ido za ka ga babu furen da ya yi daidai da ɗan'uwansa, wani launi ya yi yawa, wani ya ɗan hau kan maƙwabcinsa. Na zamani da inji ya buga kuwa komai daidai yake kamar hoton kalanda. Sannan a shafa zoben gindi, inda yake taɓa ƙasa: na tsoho ya side ya yi santsi saboda shekarun ɗauka da ajiyewa, na sabon da aka jiƙa a ruwan shayi don ya yi kama da tsoho kuwa gindinsa na nan da kaushi.

Wata ƴar shawara ga mata: don Allah a daina dirje irin waɗannan kaya da soson ƙarfe ko toka, ruwa da sabulu da tsumma sun isa. Kuma kada a zuba kunun tsamiya ko lemun tsami ko wani abu mai tsami a ciki, domin ruwan gilashin da ake shafa wa kayan da can sau da yawa akwai dalma a cikinsa, tsami kuwa yana fito da ita, kuma dalma guba ce musamman ga yara.

Ban zo nan don in ɗora wa matar Gazawa laifi ba in ta sayar. Wanda bai taɓa kwana da yunwa ba shi ke yi wa mai yunwa wa'azin tarihi. Kayanta ne, kuma kamar yadda na faɗa, dama don irin wannan rana aka yi jere. Abin da nake cewa shi ne, in za ta sayar ta sayar da ido buɗe: kada ta karɓi musanya da roba, kada ta sayar a tayin farko, kada ta bayar da huɗun a dunƙule, ta sa wani yaro mai waya ya ɗauki hoton ciki da gindi a nuna wa wanda ya iya karatun boko, kuma in da hali ta bar ko da guda ɗaya a gida.

Waɗanda nake ganin laifinsu su ne mu da muka yi lakwal, da kuma hukumomi. Mun san abin da ya faru a Bura, cikin yankin Tera, inda aka gano tukwane da mutum-mutumin yumɓu a 1975, masanin nan Bube Gado ya yi tono a wurin a 1983, amma bayan an baje kayan a Faransa a farkon shekarun 1990 duniya ta gan su, sai masu haƙa suka far wa yankin, har a shekarar 2000 aka sa kayan Bura cikin jerin kayan tarihin Afirka da ke cikin haɗari. Muna da doka tun 30 ga watan Yuni 1997 mai kare kayan tarihin ƙasa, muna da gidan tarihi na Bubu Hama a Yamai tun 1959. Amma daga Gidan Rumji zuwa Gazawa, ina wurin da ɗan makaranta zai shiga ya ga yadda ɗakin kakarsa yake a zamanin gyaɗa? Tangaran bai kai kayan Bura daraja ba, na yarda, sai dai hanyar fitarsu guda ce, kuma mai babur ɗin da ya saba shiga ɗakunan tsofaffi yau don faranti, gobe takobi da tsohon littafi da kayan sarauta zai tambaya.

Abin da nake roƙon magadan gari na Agiye da Gazawa da Gidan Rumji, da masu martaba sarakunanmu har zuwa Tibirin Gobir, bai fi ƙarfinsu ba. Ɗaki guda ya isa, a gidan matasa ko a fada, a shirya jere irin na da, tun daga ƙwarya da faifai da tasa har tangaran da langa, kowane da ƴar takarda mai sunan gidan da ya fito da yadda aka same shi. Ba sai an ƙwace wa kowa kayansa ba, aro za a yi, mai kaya ya riƙe takardar shaida, ranar da ya so ya karɓi abinsa. Mu kuma ƴan rediyo namu shi ne mu kai makirfo wurin tsofaffin tun suna da rai, domin kwanon da babu mai ba da labarinsa ya koma kwano kawai.

Ni dai na fara da na gidanmu. Na zaunar da gwaggo na tambaye ta asalin mai zakin, ta ce kakarmu ma gadonsa ta yi wurin uwarta, wadda wani ƙanenta mai fatauci ya kawo wa daga Kano a matsayin gudunmawar aure, kuma tsagar da ke bakinsa wata akuya ce ta shiga ɗaki ranar sunan babana. Na rubuta duk wannan a takarda, na naɗe na saka a cikin kwanon, na mayar da shi ƙarƙashin gado inda yake. Matar Gazawa kuwa na nemo lambarta a cikin kiran da aka yi ranar, na kira ta na ba ta amsar da na kasa bayarwa a iska. Ta ce biyu daga cikin nata suna da zaki, ɗaya an rubuta Japan, na huɗun babu komai a gindinsa. Ta sayar da na Japan ɗin ta sayi takalman yara, sauran ukun suna nan.